Bindigar maigida tana saman wadirob: wane akwati zan saya mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston ta jihar Texas da yara uku, mai shekara 11, mai 7, da autanmu mai 4. Bara 'yan fashi suka shiga shagon da maigidana yake aikin dare, sai ya sayi ƙaramar bindiga, Glock 19. Ni da shi duk mun je an koya mana riƙe ta. Wurin ajiyarta ne ya hana ni sakat. Yana ɗora ta a saman wadirob, bayan akwatin hulunansa, da harsashi a ciki. Ya ce yara ba su san da ita ba, ko ma sun sani ya yarda da tarbiyyarsu. Makon jiya na shiga ɗaki na tarar an jawo kujera jikin wadirob ɗin. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na ga akwatin ajiye bindiga iri uku: mai buɗewa da zanen yatsa, mai danna lambobi da batir, da mai maɓallai biyar marar batir wanda ya fi su tsada. Wanne zan saya? Shi tsoronsa kada ɓarawo ya shigo yana fama da makulli.
Daga Maman yara uku, Houston

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare mana zuri'a. Maganar akwati za ta biyo baya. Yau ɗin nan, kafin yara su dawo daga makaranta, a sauke bindigar, a zare gidan harsashi, a ja samanta baya a leƙa da ido a tabbatar babu ko ɗaya a cikinta, sannan a zura mata igiyar ƙarfen nan mai kwaɗo. Dokar tarayya ta 2005 ta wajabta wa dila mai lasisi ya haɗa wa mai sayen ƙaramar bindiga da abin kullewa, saboda haka ki duba kwalin da ta zo a ciki. Harsasan kuma su tafi wani wuri daban mai makulli.

Wannan magana ta maigida kusan kullum sai na ji ta a wajen aikina na kafa akwatunan bindiga a gidaje, kuma ba a bakin jahilai ba. Mutanen kirki ne masu son 'ya'yansu suke faɗinta: "Na ɓoye ta, ba su sani ba." Na rantse miki, sun sani. Na taɓa zuwa wani gida, mai gidan yana ce mini matarsa ce kawai ta matsa, don yaransa ko mafarkin akwai bindiga a gidan ba su yi. Da izininsa na durƙusa na tambayi 'yarsa mai shekara 6, na ce, "Ina Baba yake ajiye bindigarsa?" Ba ta ce uffan ba. Ta kama yatsana ta ja ni har ɗaki, ta nuna saman kabad, ta ƙara da cewa, "Tana cikin safar Baba mai ruwan toka." Mutumin nan zama ya yi a bakin gado, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Ba gidansa kaɗai ba. A 2006 an wallafa wani bincike da aka yi a karkarar jihar Alabama, inda aka tambayi iyaye daban, yara daban. Cikin iyayen da suka ce 'ya'yansu ba su san wurin ajiyar bindiga ba, kashi 39 cikin ɗari yaransu sun ƙaryata su. Cikin waɗanda suka ce yaran ba su taɓa taɓa ta ba, kashi 22 yaran suka ce sun taɓa. Yaro yana yini a gidan da uba kwana kawai yake yi a cikinsa. Ya san inda ake ɓoye alewa, ya san inda aka sa kayan sallarsa tun kafin a nuna masa. Don me saman wadirob zai gagare shi, ga kujera a ɗaki?

Sai batun tarbiyya, wanda shi ya fi ci mini rai, domin a nan ne mutanenmu suke jin kamar an zage su idan an ce su kulle bindiga. Babu wanda ya ce yaranki ba su da kunya ko ba sa jin magana. A wani bincike da aka wallafa a 2001, wasu likitocin yara a Atlanta suka saka yara maza 64, 'yan shekara 8 zuwa 12, a wani ɗaki rukuni-rukuni, an ɓoye bindigar gaske a durowa wadda aka gyara yadda ba za ta tashi ba, ana kallonsu ta bayan madubi. Cikin rukuni 29, guda 21 sun gano ta, 16 sun ɗauke ta, a rukuni 10 kuma an samu wanda ya ja kunamar. Fiye da kashi 90 na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga. Gargaɗin ya shiga kunne, amma da ido ya ga ƙarfen sai hannu ya riga hankali. Haka Allah ya halicci yaro, ɗan malam da ɗan kowa.

Wani kuma zai ce auta ba shi da ƙarfin jan kunama. An gwada wannan ma tun 1995: ɗaya cikin huɗu na yara 'yan shekara 3 zuwa 4 suna iya jan kunama mai nauyin fam 10 da yatsu biyu. Ta Glock wajen fam 5 da rabi ce, kuma kin sani ba ta da maɓallin tsaro na gefe da ake turawa. Ƙaramin yaro idan ya kasa da manuniya sai ya juyo bakinta wajen kansa ya danna da manyan yatsu biyu. Ki yi haƙuri da na faɗa haka ƙarara, so nake maigida ya karanta. Tun 2020 harbin bindiga ne kan gaba wajen ajalin yara da matasa a Amurka, ya wuce haɗarin mota. A Texas kuma sashe na 46.13 na dokar laifuka yana kama wanda ya yi sakaci har yaro ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi.

Na san akwai masu ba da fatawa a zaurukan WhatsApp, su ce kulle bindiga tsoro ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ba su fi Manzon Allah (SAW) tawakkali ba, shi kuwa ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi ciwo. Kibiya ke nan, a hannun babba, ido biyu. Ina ga bindiga mai harsashi 15 a ɗakin da ɗan shekara 4 yake wasa?

To, akwatin. Mai zanen yatsa, musamman mai arahar nan da ake tallatawa a intanet, ba na ba gida mai yara shawarar sayensa. A watan Oktoban 2023 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye akwatunan kamfanin Fortress Safe kimanin 61,000, saboda mutum zai ɗauka ya saita yatsansa alhali akwatin yana nan yadda ya fito daga masana'anta, kowane yatsa yana buɗe shi. An danganta rasuwar wani yaro mai shekara 12 da wannan. Farkon 2024 aka sake janye na wasu kamfanonin kan irin matsalar. Ga shi kuma yatsa mai gumi, ko mai man shafawa, ko mai lalle, na'urar takan ƙi karanta shi a daidai lokacin da ake buƙata. Masu yabon su a YouTube da yawa kamasho suke ci a kan kowane ciniki.

Mai lambobi da batir akwai nagari a cikinsu, amma masu arahar rauninsu ɗaya ne. Wani ɗan ƙarfe ne a kan sifirin yake riƙe da sakatar. Na sha nuna wa masu saye: in ɗaga gefen akwatin kamar tsawon taƙi, in sake shi a kan tebur ina murɗa hannun, sai marfi ya buɗe. A 2012 wani masanin makullai, Marc Weber Tobias, ya nuna yaro ɗan shekara 3 yana buɗe irinsu ta haka. Wasu maganaɗisu mai ƙarfi yake buɗe su, wasu kuma makullin ko-ta-kwana mai zagayayyen baki da ke jikinsu shi ne ƙofar ɓarawo. In dole sai shi, ki duba ko yana cikin jerin da ma'aikatar shari'a ta California ta amince da su, ki kuma riƙa canza batir duk shekara.

Da gidana ne, na ukun zan saya, mai makullin Simplex, irin wanda kamfanonin Fort Knox da V-Line suke sawa. Babu batir, babu ƙara, maɓallai biyar ne da ake laluba a duhu, sai a murɗa. Wannan ne amsar tsoron maigida: wanda ya saba, daƙiƙa biyu zuwa uku ta ishe shi, ya fi saurin tashi ya miƙa hannu bayan akwatin huluna cikin magagin barci. Yana da nasa aibin, haɗin lambobinsa 1,081 ne kacal, yaro ɗan shekara 11 mai naci zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya in an bar shi da akwatin. Saboda haka a canza lambar masana'anta tun ranar farko, wato 2 da 4 tare sannan 3, wadda duk mai intanet ya sani. A zaɓi haɗi mai tsawo da ya ƙunshi danna biyu lokaci guda, kada kuma a buɗe a gaban yara.

Ki kula da kaurin ƙarfe. A ma'aunin da suke kira geji, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 16 wajen milimita 1.5 ne, sukundireba ma yana lanƙwasa shi, 12 ya kai 2.7, 10 kuma 3.4. Kada ki sayi wanda kaurinsa bai kai na geji 12 ba. Tambarin "mai jure gobara" kada ya ɗauke miki hankali, abin da ake cusawa a bangonsu yana riƙe danshi, ga laimar Houston, sai tsatsa. 'Yar jakar silika a ciki ta wadatar. Texas ma ta cire harajin ciniki a kan akwatin bindiga tun Satumban 2021.

Akwatin da ba a kafe ba jaka ce kawai aka haɗa wa ɓarawo. A ɗaure shi da manyan kusoshi masu zare a jikin katakon cikin bango ko ƙarfen gado. Idan a daɓen siminti ne a tambaya tukuna, gidaje da yawa a Houston akwai igiyoyin ƙarfe a ɗaure cikin daɓen, huda su haɗari ne. In haya kuke, igiyar ƙarfe mai kauri a jikin gado ta fi babu.

Ranar da aka kafa shi, ku cire harsashi, ku kashe fitila, ke da maigida kowa ya buɗe sau ashirin har yatsu su haddace. Daga nan ku zaunar da babban, ba da faɗa ba, ku tambaye shi wa ya jawo kujerar, kuma me ya gani a saman.