Ɗan'uwa, don Allah kada ka sa gubar nan

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da kake shirin yi an riga an yi shi a bakin gonata. Ka ce fakara da kurciya da ƙananan tsuntsayen da kake jin kukansu da asuba sun yi ƙaranci, kullum shaho da shirwa kake gani suna shawagi, shi ne kake tambaya ko ka barbaɗa musu guba a mushe. Kada ka yi.

Ni maƙwabcina na iyaka ne ya yi mini. Shirwa ta ɗauke masa 'yan tsaki, sai ya zuba maganin ƙwari a cikin mataccen ɗan akuya ya yar a gindin shingen da ya raba mu, bai gaya wa kowa ba. Washegari na shigo da sassafe, ɗana na biye da ni. Tun daga nesa na ji wurin ya yi tsit. Muka tarar da shirwa a zube, ungulu biyu sun kife da fukafukai a baje, ga dila can gefe bakinsa duk kumfa. Akwai wata gaggafa da na shekara da shekaru ina ganinta a kan busasshiyar bishiyar nan, ita ba ta ƙarasa mutuwa ba, tana ta shure-shure, ƙafafunta sun dunƙule. Na tsuguna a gabanta na rasa abin yi. Karena ya riga mu isa wurin, kafin azahar shi ma ya tafi. Yaron nan bai yi kuka ba sai da dare. Da na je wa mutumin, wallahi ko kallona bai yi sosai ba, cewa ya yi a kan tsuntsu zan tada masa hankali? Har yau in na tuna wannan maganar raina ɓaci yake yi. Da ya ce kuskure ne, da na haƙura. Muna gaisawa, amma iyakarta ke nan.

Shahon da ake zargi kuwa ko kusa da mushen bai je ba, don shi mai rai yake kamawa. Gubarka masu share maka gona za ta kashe.

Daminar da ta biyo baya na gane abin da na rasa. Ɓeraye da gafiya suka yi yawa, kyanwoyin da suka gudu daga gidaje suka tare a cikin duhuwa, tunda babu dilan da zai kore su. Sheƙar fakara uku na sani a shekarar, ko ɗaya ba ta ƙyanƙyashe ba. Ashe babban mafarauci shi ke taka wa ƙananan burki, su kuma ƙananan su ne masu cin ƙwai da 'ya'ya. Daga baya na karanta cewa an ga irin wannan a San Diyego ta Amurka. A 1999 masu bincike Kevin Crooks da Michael Soulé suka nuna cewa a guntayen dajin da wani irin dila na can yake zuwa, kyanwoyi da sauran ƙananan masu farauta ba sa sakewa, kuma nau'o'in tsuntsaye sun fi yawa a nan. Inda dilan ya ɓace, tsuntsayen suka bi shi.

Bai tsaya nan ba fa. Da ɓerayen suka dami maƙwabcin nawa ya kawo maganin ɓera, mujiyoyin da ke kogon bishiyata suka ci ɓerayen da suka sha maganin, su ma na tsince su. Sannan ya sare ɓangarensa na shingen, wai nan ɓarna take ɓuya. Mutum ɗaya!

Ba zan ce maka masu farauta ba su da laifi ko kaɗan ba. Tsuntsun da ke ƙwai a ƙasa yana shan wuya a hannunsu, musamman in gona ta zama fili fetal, 'yar ciyawar da ta rage siririya ce kamar layi, mai farauta ya bi ta daga wannan kai zuwa wancan ya kwashe komai. Amma tambayi kanka me ya canza a gonarka kafin tsuntsayen su ragu. Shaho tun kakanni yana nan, fakara ma tana nan. An sare shinge? An ƙara feshi? A Turai an bibiyi tsuntsaye a ƙasashe 28 daga 1980 zuwa 2016, aka ga na gona sun ragu da kashi 57 cikin ɗari, kuma babban dalilin da aka samu shi ne yawan maganin feshi da takin zamani. 'Yan tsakin fakara ƙwari suke ci a kwanakin farko. In ka feshe ƙwarin, yunwa ta kashe su tun shaho bai gan su ba.

Abin da na yi, na bar ciyawa mai faɗi a gefen gona ban nome ta ba, ban kuma yi mata feshi ba. Na tara ƙaya a kusurwoyi don ƙananan tsuntsaye su sami wurin faɗawa in an biyo su. Ka daina ƙona gefen gona, kada kuma ka yanke ciyawar lokacin da suke kwanci. Kyanwarka ta kwana a ɗaki. Na san wasu a nan za su ce wannan ai kiran jan baki ne ya cinye hatsi. Na ji tsoron haka ni ma, amma jan baki garke yake zuwa ko da shinge ko babu, kuma in shaho na kusa ba sa zama su ci da natsuwa. Ku tuna Sin a 1958, da aka sa jama'a kashe ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi, ƙwari da fara suka yi wa amfanin gona kaca-kaca, a 1960 dole aka dakatar.

Mujiya kuma na rataya mata akwatin katako a bishiya don ta yi sheƙa a ciki ta riƙa cin ɓeraye, irin yadda manoman Isra'ila suka fara tun 1983, abin ya bazu har Jodan da Falasɗinu. Shekara biyu akwatin yana nan wayam. Ranar da na ga tarin gashi da ƙasusuwan ɓera a ƙarƙashinsa sai da na zauna a ƙasa. Gaggafar dai ba ta sami magajiya ba, bishiyar na nan babu kowa a kanta.

Kafin ka yanke hukunci, je ka duba sheƙar da aka ɓata. In ɓawon ƙwan yana da huji, hankaka ne. In an gwaguye shi, ɓera ne. In babu ko ɓawo, ka zargi maciji ko damo. In kuma tsuntsu aka kashe, shaho figar gashi yake yi ya bar shi a tare wuri guda, dabba mai haƙori kuwa gutsure gashin take yi daga gindi. Ɗauko mana hoto ka turo nan, ka kuma gaya mana ko akwai wanda ya sare shinge ko ya sa maganin ɓera kusa da kai a 'yan shekarun nan.