Amsa: me ya sa ƙafa ke mutuwa a mita ɗarin ƙarshe na tseren mita 400?

Ƙanwata, kin ce kina atisaye a filin wasa nan Damagaram, amma ƙafafunki na yin nauyi kafin ki ƙare mita 400. Wannan nauyin kowa na jin sa, har zakaru. Jiki ba ya iya riƙe cikakken gudu zagaye guda, shi ya sa rabin farko ke fin na biyu sauri. Dabarar ita ce ki fita da ƙarfi a mita 50 na farko, ki saki jiki a miƙaƙƙen layin baya ba tare da rage taki ba, sannan ki sake matsawa a kwana ta biyu. A ganina masu koyo sun fi ɓarnar ƙarfi a layin bayan nan, saboda tsoron wadda ke gefensu.

'Yar tseren Jamus ta Gabas Marita Koch ta kafa tarihin duniya na mata a mita 400 da daƙiƙa 47.60 a 1985, har yau ba a karya ba. Aminatou Seyni tamu ta yi 49.19 a 2019.

Batun daɗewa ana tsere kuwa, 'yar Amurka Allyson Felix ta ci lambar tagulla a mita 400 a gasar Olympics ta Tokiyo tana da shekara 35, bayan haihuwa. Ki riƙa hutawa tsakanin ranakun atisaye mai tsanani, kuma da zafin garin nan, ki fita da asuba.