Zauren Gwaggo: Me Za Mu Faɗa wa Dangi a Taron Bana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu. Dangin maigidana suna da taron zumunci duk shekara, kwana biyu bayan Babbar Sallah, a babban gida cikin Birnin Zariya. A ci a sha, sannan kowane magidanci ya tashi ya faɗi abin da shekara ta zo masa da shi: haihuwa, aure, saukar Alƙur'ani, ƙarin girma a wurin aiki.

Bana mu ne da labari, amma na rasa ta inda za a fara. Shekara 11 muna haya a Samaru. Da ƙarin kuɗin haya ya ishe mu, bayan sallar bara muka tattara muka koma sashen marigayi mahaifin maigidana, wanda ba kowa ciki tun rasuwarsa. Ginin ƙasa ne. Mun sa kwano a ɗaki biyu, mun gina banɗaki, mun yi wa bango filasta da siminti, har sarƙata da 'yan kunnena na gwal na sayar. Damina ɗaya kacal, ga filastar ta kumbura tana zubowa. Gidan kuwa ba a raba gadonsa ba.

Sannan da kaka maigida ya ajiye aikin da yake yi a wani kamfani. Ya sayi hatsi ya ajiye, bana kuma ya kama gona ta wajen Giwa zai noma masara da waken suya. Hajiya mahaifiyarsa ba ta sani ba har yau, domin da safe yake fita kamar da. Na fara jin ƙishin-ƙishin, wata ƙanwarsa ta ce wai karyewa muka yi muka zo cinye gida. Shi ya ce ran taro "alhamdu lillahi, komai lafiya" kawai zai ce ya zauna. Ni raina bai kwanta ba. Gwaggo, me za mu faɗa, me za mu bari?

Daga 'yarki a Birnin Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri a sabon mazauni, ya raya muku yaran.

Hajiya ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki. Ɗanta yana durƙusawa ya gaishe ta kowace safiya, tana yi masa addu'ar a dawo lafiya daga ofis, alhali tun kaka rabonsa da ofis. Zariya ba ta kai girman da za ta ɓoye wannan ba. Yau ko gobe wani zai gan shi a kasuwar Giwa yana ciniki a bakin buhuna, ya shigo gaishe da Hajiya ya ce ashe wane ya koma harkar hatsi, kuma ranar za ta ji ciwon da ya fi na barin aikin, wato ta zama ta ƙarshen ji. Ki lallaɓa maigidanki ya same ta bayan sallar isha, shi kaɗai, ya faɗa mata yaushe ya ajiye aikin, me ya sa, me yake yi yanzu, ya ba ta haƙuri kan jinkirin, ya roƙi albarkarta. Kada ke ki kai mata labarin, domin daga bakin suruka ƙara zai zama. Tana iya yin faɗa, tana iya yin kuka, tunda mutanen zamaninta albashin wata suka sani da rufin asiri. Ya yi shiru ya saurara har ta gama.

Bayan ita sai babban wansu, sannan 'yan'uwa mata ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta yi maganar da ta sosa miki rai. Wadda take Tudun Wada ko Sabon Gari a taka a je, zumunta a ƙafa take. Na nesa a kira su a waya. Ina so ranar taro ta zo babu wani babba da zai ji sabon abu daga bakinsa.

Yanzu maganar gida, kuma nan nake so ki natsu. Kalmar ƙanwar nan ba ta da daɗi, amma akwai haƙƙi a ƙarƙashinta. Gidan da ba a raba ba na magada ne gaba ɗayansu. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, in akwai abokiyar zama su raba shi. Sauran kuma, idan iyayen marigayi sun riga shi, na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ke nan wannan ƙanwar tana da rabo a ɗakin da kike kwana, har a bangon da kika sayar da sarƙarki kika gyara. Idan ta ga ana buga kwano ana gina banɗaki ba a ce mata uffan ba, dole ranta ya raya mata cewa hujja ake kafawa. Na ga irin wannan ta raba gidaje a Birnin nan. Mai gyara ya ce dukiyarsa ce ta hana gidan rushewa, sauran su ce ai shekaru ya yi ciki ko kwabo bai biya ba, magana ta kai gaban alƙali, jikoki su taso ba sa ga-maciji.

Maganin wannan takarda ce. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka babu wanda zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Maigida ya tattara rasit na kwano da katako da siminti, ya rubuta ladan kafinta da birkila da leburori, ya kira zama da malami masanin rabon gado da dattijo ɗaya ko biyu na gidan. Ko dai a raba gadon yanzu, a ƙimanta sashen da kuke ciki a matsayin rabonsa, in ya ɗara ya cika wa sauran da kuɗi. Ko kuma a bar gidan a haɗe, a rubuta cewa da yardar kowa kuke zaune, a kuma fayyace matsayin kuɗin gyaran: za a cire muku ranar rabo ne, ko ya tafi a madadin haya. Kowa ya sa hannu, mata da kansu, kada wani ya ce ya wakilce su a baki. Kuɗin gwal ɗinki kuwa dukiyarki ce ke kaɗai. Ku tsayar da magana tsakaninki da shi, rance kika ba shi ko kyauta, shi ma a rubuta. Kafin a yi wannan zama kada a ƙara ɗora bulo ko guda.

Filastar da ke zubowa ba ta ba ni mamaki ba. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma yana kulle laimar a ciki. Da ya ɗan tsage ruwa ya bi ta bayansa, sai ƙasar ta yi ta laushi a ɓoye, filasta ta kumbura ta faɗo tare da naman bangon. Iyayenmu da makuba suke yaɓe, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma suna sabunta yaɓen kafin ruwa ya sauka. Ku nemi maginin ƙasa na ainihi, ba a rasa su a garin Babban Gwani ba, wanda ya gina Masallacin Juma'a wajen shekarun 1830. Ya duba gindin bango ko ruwa na kwanciya, ya duba ko indararo na watsa ruwa nesa da gini, ya hau ya taɓa azarar ɗakunan da ba ku sa wa kwano ba. Shi ma kwanon, bakinsa ya leƙo sosai yadda ruwa ba zai riƙa dukan bango ba.

Ina roƙonki kada ki ɗauki wannan da wasa. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, da wani sashe na wannan masallaci ya rufta ana sallar la'asar aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Duk ɗakin da kika ga tsaga ta taso daga sama ta nufi ƙasa, ki kwashe yara daga ciki tun kafin ruwan Agusta. Babban aiki a bari sai ruwa ya ɗauke wajen Oktoba. Tayil da silin da fenti su jira, ba su ne ke riƙe ɗaki ba.

Batun sana'a, ni ban ga karaya a komawa gona ba, musamman a ƙasar Zazzau da masara ke karɓa. Tunda kun zauna Samaru, ya san ƙofar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tushenta ya faro tun 1922. Su ke fitar da irin masarar da ake kira SAMMAZ. Ya je ya tambayi wanda ya dace da gonarsa, musamman in tana da wuta-wuta, maimakon ya auni iri a kasuwa. Hatsin ajiya kuma, gaskiya ne farashi kan faɗi da kaka ya tashi in damina ta matso, amma akwai shekarar da ba ya tashi, don haka kada ya zuba jarinsa duka a sito.

Abin da ya shafe ki kai tsaye shi ne tukunya. Albashi duk wata yake zuwa, gona sau ɗaya a shekara. Ranar da aka kawo amfani, a fara ware abincin gida na shekara da abin da zai biya kuɗin makarantar yara na zango uku, sannan a yi maganar sayarwa. Idan kamfanin nan yana cire masa kuɗin fansho, ya sani cewa dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin shekara 50, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, damar neman abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ba. Ya je ofishin kamfanin da ke riƙe da fanshonsa ya ji sharuɗɗan. Shawarata, in ya karɓa, ya tafi a taki da iri ko a gyaran da ke kare rai, kada ya narke a hidimar sallah.

To, ran taro fa? "Komai lafiya" ba ƙarya ba ce, amma duk gurbin da ya bari, masu ƙishin-ƙishin ne za su cike shi. Ya tashi ya ce wani abu kamar haka: "Alhamdu lillahi, bana mun dawo gida, muna sashen Baba da izinin Hajiya da 'yan'uwa, kuma mun rubuta yadda zaman yake. Mun fara gyara, saura aiki bayan damina. Na ajiye aikin kamfani na koma noma da hatsi, ina neman addu'arku, wanda kuma ya riga ni a harkar ina neman shawararsa." Wannan ya isa. Nawa aka kashe, me aka sayar, wa ya ce me, duk ba na bainar jama'a ba ne. Ke kuma a cikin mata, ki fara kai wa ƙanwar nan kwanon abinci da hannunki, ki ja ta ta ga ɗakin mahaifinta yadda ya koma.

TAMBAYA

Gwaggo, barka da war haka. Ni ma haya ta gajiyar da ni. An nuna mini fili ta bayan Dogarawa da sauƙin kuɗi, takardar mai unguwa ce kawai da shi. In saya in fara gini?

Daga ɗanki a Palladan.

AMSA

Ɗana, kada ka biya tukuna. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke da rajistar filaye da ba da takardar mallaka. Ka kai musu bayanin wurin su duba ko yana da mai shi, ko gwamnati ta keɓe shi don wani aiki. Izinin gini kuma a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ake nema, kafin a haƙa harsashi. Ka tambayi maƙwabta asalin filin, in gonar gado ce ka tabbata duk magada sun sa hannu. Sannan ka je ka tsaya a kansa washegarin ruwa mai ƙarfi ka ga inda ruwan yake bi, domin fili mai araha a gefen Zariya sau da yawa fadama ce.