Tarar kwanaki: amsa ga Kawuna na Jekadafari

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali duka. Saƙonku na murya ya iso. Na ji muhawarar da kuka ce an tafka a majalisarku bayan la'asar, wai a Jamus mutum biyu za su yi laifi iri ɗaya, a ci ɗaya tara kaɗan, a ci ɗayan ninkin-ba-ninkin don kawai yana da hali. Kuka ce in faɗa muku ko gaskiya ne, da yadda mu Hausawan Hamburg muka ɗauki abin, tunda a saninku shari'a laifi take dubawa, ba aljihu ba.

Gaskiya ne, Kawu, sai dai labarin ya iso Gombe da rabi. Tun 1975 alƙali a nan ba kuɗi yake fara yankewa ba, kwanaki yake yankewa. Zai dubi nauyin laifin ya ce wannan na kwana 30 ne, ko 60. Doka ta ba shi daga kwana 5 zuwa 360. A wannan mataki attajiri da lebura duk ɗaya ne. Sai a koma tambaya ta biyu: nawa ne kwana ɗaya a wajen wannan mutumin? A ɗauki abin da ke shiga hannunsa a wata bayan an cire haraji, a raba gida 30. Mai aikin sito da ke karɓar yuro 1,500, kwanansa yuro 50 ne, tarar kwana 30 ta zama 1,500. Likitan da ke karɓar 9,000, kwanansa 300 ne, sai ya biya 9,000. Kowannensu guminsa na wata guda aka karɓe. Kwana ɗaya ba ya gaza yuro 1, ba ya wuce 30,000. Ɗan ƙwallon nan Marco Reus, da aka kama yana tuƙi ba lasisi a 2014, kwana 90 aka yanke masa, kuɗin ya tashi yuro 540,000.

Ba kowace tara ba ce haka. Tarar gudu da ta ajiye mota a inda aka hana, a nan farashinsu ɗaya ga kowa. Finlan, wadda ta fara wannan tsari tun 1921, ita ce ta shigar da gudu mai yawa a ciki, har wani attajiri, Anders Wiklöf, ya biya yuro 121,000 a 2023 don ya yi gudun kilomita 82 a inda aka ƙayyade 50.

Yadda muke yi a tsakaninmu kuwa, ya samo asali ne daga wahalar da muka ga 'yan'uwa sun sha. Mu nan gauraye muke: na Kumasi da Akara, na Yamai da Damagaram, na Sokode, da mu 'yan Najeriya. Duk baƙon da ya zo, cikin abin da dattawa ke fara ja masa kunne a kai bayan sallar Juma'a akwai ambulan mai ruwan ɗorawa. Ƙananan laifuffuka galibi ba a zaman kotu a kansu, hukuncin ne zai zo maka ta gidan waya, kuma mako biyu kacal kake da shi ka ce ba ka yarda ba. Namu da yawa kunya ke sa su cusa takardar ƙarƙashin katifa. To idan ba ka faɗi samunka ba, doka ta yarje wa kotu ta ƙiyasta, kuma ƙiyasin yakan fi ƙarfin mutum. Shi ya sa muke da waɗanda suka iya Jamusanci, su zauna da kai, a tattara takardun albashi da na 'ya'ya, a rubuta amsa. Nauyin mata da 'ya'ya ana rage shi daga lissafi. Kuɗin da muke aiko muku gida kuwa, wani alƙalin ya duba, wani ya ƙi, kuma wannan yana ci mana rai, domin albashin mutum ɗaya a nan sau da yawa gida uku yake ciyarwa a can.

Muna da asusun jana'iza, kuma an sha gardama kan ko a taɓa shi don tara. Aka tsaya a kan ba za a taɓa ba. Karo-karo ake yi dabam, a matsayin rance, kuma ba don kowa ba. Yaron da aka kama sau da dama a jirgin ƙasa ba tikiti don ba shi da aiki, za mu tsaya masa. Mai sayar da ƙwaya ko mai dukan matarsa, ko sisi. Wannan ya ɗanɗana hukuncinsa.

Kada ku ɗauka talaka ya huta a nan. Wanda ya kasa biya gidan yari zai je, kuma dubban mutane ke shiga kowace shekara kan maganar tikiti kaɗai. Mai kuɗi yana da ajiyar da zai ciro ya biya; mai zaman tallafin gwamnati na yuro 563 a wata, daga bakin abincinsa za a cira. An rage zafin a 2024, aka mai da kwana biyu na tara daidai da kwana ɗaya a kurkuku, kuma ana iya biya kaɗan-kaɗan ko a yi aikin al'umma a madadin kuɗin. Duk da haka da sauran gyara.

Amma in kun tambayi ra'ayina, wannan ya fi namu kusa da adalci nesa ba kusa ba. Ku tuna John Yakubu Yusuf na ofishin fanshon 'yan sanda. A 2013 ya amsa laifi kan kuɗin da suka haura naira biliyan 20, kotu a Abuja ta ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara 6. Ku ajiye wannan a gefe guda, ku dubi Nuwambar 2023, lokacin da ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin fursunoni 4,068 da tara ko kuɗin diyya ya riƙe a gidajen yari. Naira miliyan 585 aka tara aka fanshe su, wato in an raba kowane mutum bai kai dubu 150 ba. Ku da kanku kun san yadda ake jiran azumi ko salla wani mai hali ya je ya biya wa 'yan gidan yari tarar da ba ta kai kuɗin rago ba. Lamba ɗaya aka rubuta a doka, amma wani ya biya daga aljihun gaba, wani ya bar matarsa da 'ya'yansa watanni.

Na san malamai a majalisarku za su kawo diyya, su ce raƙumi ɗari ne ko wane ne ya yi kisan. Haka ne, domin diyya haƙƙin waɗanda aka yi wa rashi ne, kuma a nan ma kuɗin ɓarna ba a auna shi da samun mai laifi. Amma su dubi kaffarar rantsuwa: ciyar da miskinai goma daga matsakaicin abin da mutum ke ciyar da iyalinsa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Ashe auna horo da ƙarfin mutum ba baƙo ba ne a wajenmu.

Inda gizo ke saƙar shi ne sanin samun mutum. A nan kusan kowa albashinsa a rubuce yake. Ɗan kasuwar hatsi a Tudun Hatsi ko mai shanu a Dukku, wa zai faɗi abin da yake samu? Kuma ina tsoron attajiri ya shigo kotu da tsohuwar riga ya rantse ba shi da ko anini. Sai dai ma'aikacin gwamnati, da ɗan siyasa, da ɗan kwangila, nasu a banki yake, kuma su ne tarar yanzu ba ta ko girgiza su. A fara da su. Sauran kuwa, alƙalin majistare ko na kotun shari'a a Gombe ba ya buƙatar sabuwar na'ura kafin ya tambayi wanda ke gabansa sana'arsa, da yawan waɗanda yake ciyarwa, da ko zai iya biya a wata uku, kafin ya ambaci adadi. Mai unguwa ma zai iya ba da shaida a kan hakan, tunda ya san kowane gida.