Anti, ƙarancin bitamin D ne ya jefa ni cikin damuwa?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, kusan shekara guda ke nan ina aikin dare. Rana na fitowa nake shiga ɗaki in saki labule. Wata huɗu ke nan na kasa gane kaina: ƙasusuwana ciwo, abinci ba ya min daɗi, aminiyata za ta kira in zuba wa wayar ido har ta katse. Ranar nan ina wanke kofi sai ga hawaye, ba wanda ya yi min komai. Na yi gwajin jini aka ce bitamin D ɗina 10 ne, ya yi ƙasa, aka rubuta min magani. Yayata ta ce da na sha komai zai wuce. Haka ne? Ko in ninka maganin in warke da wuri?

Mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya yaye miki.

Don Allah kada ki ninka. Bitamin D taruwa yake yi a jiki, idan ya yi yawa sai sinadarin kalsiyam ya hau a jini, har ya taɓa ƙoda. Ki tsaya a kan abin da likita ya rubuta. Goman nan taki ƙaranci ne na gaske, domin a wannan ma'aunin ƙasa da 12 ake kira ƙaranci. Ban yi mamaki ba: fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, baƙar fata ta fi jinkiri, kuma ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aikin. In kin tashi daga barci ki riƙa fita waje ko na ɗan lokaci ne.

Maganar Yaya kuwa, da ƙauna ta faɗe ta, amma ban yarda da ita duka ba. An sha samun ƙarancin bitamin D a jikin masu ciwon damuwa, sai dai wanne ya riga wani? Mai damuwa ɗaki yake ƙulewa, bai ga rana ba, bai ci abin kirki ba. A 2020 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum fiye da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama: wajen shekara biyar rabinsu na shan bitamin D kullum, amma damuwa ba ta ragu a cikinsu fiye da sauran ba. Yawancinsu dai ba su da ƙaranci irin naki, ke kuwa da kike da shi, ina sa ran idan kin sha maganin ciwon ƙashin zai yi sauƙi.

Hawayen nan ne suka fi tsaya min a rai. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu yana hana mutum jin daɗin komai ciwo ne mai zaman kansa, kuma yana da magani. Ki koma wurin likita ki ba shi labarin kofin nan kamar yadda kika ba ni, ki roƙa a duba miki ƙarancin jini ma. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, a ranar za ki faɗa wa Yaya ta raka ki asibiti.

Aminiyar nan kuma, ki kira ta yau, ko gaisawa kawai ku yi.