Tambaya da Amsa: Hayaniyar mai raba mita ta ƙi fitowa a kwamfuta

Tambaya: Malam, aikina na kammala digiri a kan PLL ne, wato sakit (haɗin lantarki) mai ɗaure mitar sigina, yawan bugunta a daƙiƙa, da wata mita ta madogara. Na zana sakit mai raba mita, na ba LTspice, manhajar gwada sakit a kwamfuta, umarnin .noise don in ga hayaniyarsa, wato 'yar rawar lantarki da ba a so, sai ya fito min da lambobi ba kai ba gindi. A ina na kauce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, zanenka ba shi da laifi, ma'aunin ne ba na wannan aiki ba. Umarnin .noise yakan tsayar da sakit cak a wuri ɗaya, ya auna hayaniyar wannan tsayuwar. Shi kuwa mai raba mita ba ya tsayawa, aikinsa ke nan tsalle tsakanin 0 da 1. Ni ma na taɓa raba dare ina sauya tiransisto ɗaya bayan ɗaya, ashe tambayar da nake yi wa kwamfutar ce ba daidai ba.

Hayaniya ba ta cutar da kai sai a daidai ƙiftawar da sigina ke tsallaka tsakiya, don a nan take gusar da lokacin tsallen gaba ko baya. Ɗauki biro: hayaniyar milibolt 1, a kan sigina mai hawa bolt 1 cikin nanosakan 1, tana jawo rawar lokaci ta pikosakan 1. In hawan ya yi sanyin jiki ya ɗauki nanosakan 2, rawar ta ninka.

Don haka nemi manhajar Spectre ta kamfanin Cadence, in sashenku na da lasisi. Fara da PSS, gwajin da ke bin sakit yana maimaita tsallensa, sannan Pnoise, mai auna hayaniya a kan wannan tsallen, ka ce ya auna a gaɓar tsallakawa. Inda ɗalibai ke yawan zamewa: mitar da za ka ba PSS ita ce wadda ke fitowa bayan rabawa, ba wadda ke shiga ba.

Kada ka rena ɗan abin da za ka gani. In VCO, wato sashen PLL mai samar da siginar da ake rabawa, na gudu a megahaz 100, mitar madogararsa kilohaz 100, rabawar 1000 ce, kuma a kusa da mitar VCO, PLL zai ɗaga hayaniyar mai rabawar da desibel 60.

Rabawa 1000 a PSS kuwa sai ka yi sallar Isha'i ka dawo bai gama ba. Auna mataki-mataki, ko ka sa filif-filof (ƙaramin sakit mai riƙe 0 ko 1) ɗaya a ƙarshe wanda siginar VCO ke kaɗawa kai tsaye, rawar matakan baya ta zube, ka auna tasa kaɗai.