Tambaya da Amsa: Sabon shiga zai iya sauka da igiya a matsirgar ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Abokan aikina sun shirya fita ranar hutu zuwa wani ɗan kwazazzabo da rafi ke ratsawa. Akwai matsirgar ruwa uku a cikinsa, mafi tsayinsu ba ta wuce mita 10 ba, kuma da igiya ake sauka. Sun ce wurin na 'yan koyo ne, awa biyu an fito. Ni ban taɓa ɗaura igiya ba, ina tsoron tsayi, iyo ma sama-sama na iya. In bi su, ko in ba su haƙuri? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina so ka je, domin tsayawa a bakin dutse ruwa na zuba ta gefenka abu ne da ya cancanci a gani. Amma na lura tsayi kake tsoro, ni kuwa ruwan ne ke damuna.

Batun igiya mai sauƙi ne. Za a ɗaura maka ɗamara a ƙugu da cinyoyi, a maƙala mata wani ƙarfe da igiyar ke ratsawa. Gogayyar igiya da ƙarfen ce ke ɗauke nauyinka, hannunka birki ne kawai. Ka ajiye hannun nan a ƙasa kusa da ƙugu, kada ka sake shi ko da ruwa ya dake ka a fuska. Ka juya wa ramin baya, ka ware ƙafafu, ka jingina kamar mai zama a kujerar da ba ya gani, tafin ƙafarka manne da dutse. Takun farko daga baki shi ne mai wuya, sauran tafiya ce da baya. Ka nemi a koya maka wannan a busasshen dutse ko gini tun kafin ranar, domin ƙarƙashin matsirga ba wurin jin bayani ba ne. Ƙarar ruwa na haɗiye murya, shi ya sa ake amfani da usur da alamun hannu, kuma sai an yi yarjejeniya a kansu tun a sama.

To, ruwa. Lita ɗaya nauyinta kilo ɗaya ne, ka ƙiyasta abin da ke sauka a kafaɗar mutum daga mita 10. Dutsen da ke jiƙe kullum yana yin gansakuka, santsinsa ba a magana, don haka takalmi mai tafin roba mai kamawa da hular kwano dole ne. A gindin matsirga ruwan na cike da kumfa, kuma ruwa mai kumfa ba ya ɗaga jiki yadda ruwan da ke kwance yake yi. Wani lokaci ma yana juyawa ya mayar da mutum ƙarƙashin inda yake zubowa. Saboda haka ƙwararru kan daidaita tsawon igiya ta tsaya daidai saman ruwa, ba ƙulli a bakinta, yadda mai sauka zai zame ya rabu da ita nan take. Kuma sukan ɗaura ta a sama ta hanyar da za a iya sassauto ta idan riga ko gashin mutum ya shige cikin ƙarfen ya maƙale a tsakiya. Ka tambayi jagoranku ko haka zai yi. Idan ya tsaya kame-kame, da mugunyar rawa gara ƙin tashi.

Ka gaya masa gaskiyar iyonka tun kafin a kama hanya, ba kunya a ciki. Ka tambaya ko akwai gurbin da ƙafa ba ta taɓa ƙasa, ka nemi rigar da ke hana nutsewa. Rigar roba ta masu ninƙaya ma ka sa ta ko ana zafi a waje. Rana ba ta cika shiga kwazazzabo ba, ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Yatsun da sanyi ya sandare ba sa riƙe igiya.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka, wato cewar da suka yi wurin gajere ne. A gandun dajin Zion da ke jihar Yuta a Amurka akwai wani matsattsen kwazazzabo mai suna Keyhole, gajere, wanda 'yan koyo ke yawan farawa da shi. A watan Satumba na 2015 ambaliya ta rutsa da mutum bakwai a cikinsa, babu wanda ya fita da rai. A watan Yuli na 1999 kuma, a rafin Saxetbach kusa da Interlaken a ƙasar Suwizalan, mutum 21 suka rasu, uku daga cikinsu jagorori ne. Duk ruwan da ya sauka a kan tuddai da duwatsun da ke sama, ta wannan siririyar hanya zai bi, kuma yana iya isowa alhali ku a inda kuke ko ɗigo bai taɓa ku ba. Ga shi da zarar an janye igiyar farko, komawa sama ta gagara, sai dai gaba.

Don haka hasashen yanayin da za ku duba na dukkan yankin da rafin ke tasowa ne. In an ce akwai yiwuwar hadari, a ɗage tafiyar, ko da an riga an biya kuɗi an yi nisa a mota. Idan kuna ciki kuka ga ruwan ya fara yin ja, ko ganyaye da ƙirare na tahowa, ko kuka ji gurnani daga sama, ku hau tudu mafi kusa, ku bar kayan.

Ni dai ba zan bar ƙanena ya shiga irin wannan wuri da abokan da suka koya a bidiyo ba. Ku ɗauki jagoran da ya san rafin, ya san wuraren da ake iya fita ta gefe, yana kuma da igiya ta biyu. Ku sanar da wani a waje lokacin da ya kamata ku fito, domin waya ba ta cika samun sabis a can ciki ba. Wajen sauka kuma ka nemi a sa ka a tsakiya, wani gwani ya riga ka zuwa ƙasa ya riƙe maka bakin igiya in wurin ya ba da dama, wani kuma ya tsaya a sama ya duba ɗamararka da makullin ƙarfen kafin ka taka baki.